Yadda Ake Zaɓen Irin Garambawul Ɗin Da Za A Yi Wa Injin Ƙaramin Jirgin Sama

Masu ƙananan jirage a yankinmu ba su da yawa, amma akwai su: manomin shinkafa da ke son ya leƙa gonakinsa daga Argungu har Bagudo cikin safiya ɗaya, ɗan kasuwa mai zirga-zirga tsakanin Birnin Kebbi da Kaduna, da kamfanonin da ake ɗauko wa feshin tsuntsayen jan-baki idan sun sauko wa fadama. Duk wanda ya ajiye Cessna 172 ko 182 ko Piper a filin jirgi na Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa, wata rana injiniyansa zai rage murya ya ce masa, "Ranka ya daɗe, injin nan ya kusa." Daga nan sai a fara maganar dala. Kuma yawancin kuɗin da ake asara ba a wurin gyaran suke tafiya ba, a wurin zaɓen irin gyaran suke tafiya. Ga yadda ake bin al'amarin daki-daki.

Da farko, buɗe littafin tarihin inji

Kowane inji yana da wa'adin da maƙerinsa ya ba shi na yin aiki kafin a yi masa garambawul, wanda ake kira TBO. Wa'adin nan iri biyu ne, na awoyi da na shekaru, wanda ya riga cika shi ke aiki. Injin Lycoming O-320 ko IO-360 da ke cikin Cessna 172 awa 2000 ne. Continental O-470-R na tsofaffin Cessna 182 awa 1500 ne, samfurin O-470-U kuma 2000. Dukkan kamfanonin biyu sun ɗora shekara 12 a kai. Rotax 912 na jiragen da suka fi waɗannan ƙanƙanta awa 2000 ne ko shekara 15. Idan da jirgin ake feshin magani, Lycoming ta rage wa'adin zuwa awa 1500, wannan yana cikin takardarta mai lamba 1009, wadda ya kamata injiniyanka ya buɗe maka sabon bugunta ka gani da idonka.

Abin da za ka fitar daga littafin: jimillar awoyin inji tun fitowarsa daga kamfani, awoyi tun garambawul na ƙarshe, shekarar da aka yi shi, wanda ya yi shi, da ko farfela ta taɓa dukan ƙasa. Wannan na ƙarshen kada a wuce shi da sauri. Farfelar da ta daki ƙasa tana iya barin tsaga a karanshaf wadda ido ba ya gani, kuma idan aka yi shiru da maganar a littafi, mai gyara zai gano ta bayan ka riga ka biya kafin alƙalami.

Sai dokar da ke kanka. Za ka ji matuƙan Amurka suna cewa TBO shawara ce kawai, suna wuce ta da ɗaruruwan awoyi. Gaskiya ne a dokarsu, ga jirgin da ba na haya ba. Amma jirgi mai rajistar Najeriya, wato 5N, a ƙarƙashin NCAA yake, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, kuma tsarin kula da jirgi da hukumar ta amince maka da shi ne zai faɗi ko kana da damar wucewa. Haka kamfanin inshorarka. Ka nemi amsar su biyun a rubuce kafin ka gina lissafi a kan zancen intanet.

Na biyu, a tambayi injin kansa

Lamba a littafi ba ita ce lafiyar inji ba. Akwai mai awa 1900 da ke aiki sumul, akwai mai awa 700 da tsatsa ta cinye masa ciki. Gwaji huɗu ne ke nuna gaskiya, kuma dukkansu ba su kai kuɗin silinda ɗaya ba.

Gwajin matsi: ana hura wa kowace silinda iska mai ƙarfin 80 a ma'aunin matsi na psi a ga nawa za ta riƙe. Idan ta sauka ƙasa da 60 sai a bincika, amma a kasa kunne a ji inda iskar ke fita. Ta salansa, bawul ɗin hayaƙi ne. Ta bututun numfashin inji, ringi ne. Continental ma ba ta yarda a yanke hukunci da wannan gwajin kaɗai ba, sai an zura 'yar kyamarar leƙe ta ramin filogi an ga fuskar bawul da bangon silinda. Sai a yanka filtar baƙin mai a baje takardarta a haske, a bi ta da maganaɗisu. Ɓurɓushin ƙarfe mai manne wa maganaɗisu yawanci daga kamshaf da tafet yake, wato ƙarafan da ke tura bawul ya buɗe. Sannan a aika samfurin baƙin mai ɗakin gwaji. Idan sinadarin silikon ya yi yawa, ƙurar hunturu ce ke shiga ta filtar iska ko wata ɓarakar bututu, tana goge ringi a hankali. Ƙarshe a lissafa shan mai: ga inji mai ƙarfin doki 180, iyakar da Lycoming ta yarda da ita ta ɗan haura rabin lita a awa ɗaya. Inji mai lafiya ba ya ko kusantar haka.

Amfanin wannan mataki shi ne ya raba maka ciwon sama da ciwon ƙasa. Idan silinda ɗaya ko biyu ne suka gaji, ƙasan inji kuwa tsaf, gyaran sama ya wadatar: a sauke silindojin a gyara ko a sa sababbi. Sai dai ka sani gyaran sama ba ya mayar da agogon TBO baya ko da minti ɗaya. Yin shi a inji mai awa 900 hikima ce. Yin shi a mai awa 1800 da shekara 11, zuba kuɗi ne a abin da za a sake warwarewa baɗi.

Idan kuwa ƙarfe ya fito a filta, magana ta ƙare, dole a raba bulok biyu. A injin Lycoming kamshaf yana sama da karanshaf, don haka idan jirgi ya daɗe a ajiye mai yana tsiyayewa daga jikinsa, danshin damina ya kama shi. Wanda ya taɓa jingine injin ban-ruwa tun saukar ruwan farko har kaka, ya zo tayarwa ya tarar ya cije, ya san ciwon. Masu Cessna 172N na 1977 zuwa 1980, mai injin O-320-H2AD, su suka fi kowa sanin wannan matsala ta kamshaf.

Na uku, san abin da ake sayar maka

A nan ne ake yin babban ruɗani, domin abubuwa daban-daban ake kira da suna ɗaya.

Kowane ɓangaren inji yana da ma'auni biyu a littafin maƙeri. Akwai ma'aunin sabo, akwai ma'aunin da ke cewa ya ci amma zai iya ci gaba da aiki. Mai gyara zai iya warware inji, ya wanke, ya auna, ya tarar karanshaf da silinda suna dab da bakin ma'auni na biyun, ya mayar da su, ya rubuta garambawul a littafi, kuma bai karya doka ba. Wani mai gyaran zai ƙi mayar da duk abin da bai kai ma'aunin sabo ba. Dukkansu za a rubuta awa sifili tun garambawul. Na farkon ba lalle ya kai ka rabin hanya ba. Saboda haka idan takardar farashi ba ta faɗi ma'aunin da za a yi aiki da shi ba, ɗauka na farkon ne.

Zaɓi na ɗaya ke nan, garambawul a wurin gyara mai lasisi, injinka ne zai dawo maka da lambarsa da tsohon littafinsa, jimillar awoyinsa na ci gaba da ƙirguwa. Daɗinsa, ka san tarihin kayanka. Idan garambawul na farko ne, bulok da karanshaf ba su taɓa shan wahala ba, wannan babbar riba ce da bai kamata ka musanya da na wani ba. Wahalarsa, jirgi zai zauna ba inji har a gama, kuma farashin da aka faɗa maka sharaɗi ne a kan cewa bulok da karanshaf za su ci jarrabawa.

Zaɓi na biyu, garambawul na kamfanin da ya ƙera injin. Lycoming tana yin sa a masana'antarta da ke Williamsport a jihar Fensilbaniya. Ba naka ake mayar maka ba, musanya ake yi, kuma injin yana zuwa da awoyinsa na baya a rubuce.

Zaɓi na uku shi ne wanda kamfani ya sake ginawa. An haɗa shi da sababbin kaya da tsofaffin da suka kai ma'aunin sabo, an ba shi sabon littafi da ya fara daga sifili. Maƙerin inji kaɗai, ko wanda shi ya ba izini, ke da ikon ba da wannan sifilin. Wani wurin gyara ya ce maka zai yi, ka tashi ka bar masa kujerarsa. Amma kada sifilin ya ruɗe ka: karanshaf ɗin da ke ciki yana iya kasancewa ya yi dubban awoyi a jirgin wani, tarihin ne aka share. Abin da ya fi jan hankalina a wannan zaɓin shi ne, tun 2005 Lycoming take sa tafet mai 'yar taya a baki a yawancin injinan da ke fitowa daga hannunta, abin da wurin gyara ba zai iya sa wa tsohon bulok ɗinka cikin sauƙi ba.

Zaɓi na huɗu sabo fil, ba sai an yi dogon bayani ba. Ya fi kowanne tsada, kuma a jirgin da ya shekara 45 kuɗinsa na iya kusantar darajar jirgin gaba ɗaya.

Akwai na biyar da mutumin Kebbi ya kamata ya tsaya a kansa fiye da mutumin Turai. Man jiragen nan, shuɗin fetur da ake kira 100LL, samunsa a ƙasar nan aiki ne, sau da yawa a duro ake kawo shi daga nesa. Kananzir ɗin jirgi kuwa, Jet A-1, duk filin da manyan jirage ke shan mai akwai shi. Ana iya cire injin fetur daga Cessna 172 a sa Continental CD-155 mai shan kananzir, bisa takardar izini ta musamman. Shan mansa ya fi kaɗan sosai, sanyayawarsa ta ruwa ce, kwamfuta ke sarrafa shi. Makarantun koyon tuƙin jirgi na Zariya da Ilori suna da jiragen Diamond masu shan kananzir, don haka ba baƙon abu ba ne ga injiniyoyinmu. Sai dai aikin juyawar ya fi garambawul tsada nesa ba kusa ba, injin ya fi nauyi don haka kayan da za ka ɗauka sun ragu, kuma idan wa'adinsa ya cika ba a yi masa garambawul, sauya shi ake yi ɗungurungum. Ga wanda ke tashi kullum yana iya biyan kansa. Ga mai tashi sau biyu a wata, a'a.

Na huɗu, lissafi da awoyinka na gaskiya

Ɗauki littafin tashi ka haɗa awoyin shekara uku da suka wuce, ba waɗanda kake fatan yi ba. Mu ƙaddara, don misali kawai, wani zaɓi zai ci dala 50,000. Dillali zai raba maka da 2000 ya ce dala 25 ne a kowace awa. Amma idan awa 60 kake yi a shekara, cikin shekara 12 awa 720 za ka yi kafin wa'adin shekaru ya cim maka, wato kowace awa ta tashi kusan dala 70. Mai irin wannan tashin ba ya buƙatar inji mafi tsada, domin kalanda ce za ta kashe masa shi ba aiki ba. Abin da yake buƙata shi ne aiki mai tsafta a ma'aunin sabo da kayan da ke jure tsatsa, kamar silinda mai rufin nikel a ciki. Wanda jirginsa ke neman kuɗi, kowane mako na zama asara ne, shi musanya ta fi yi masa: inji ya iso tukuna, sannan a sauke tsohon. Wanda kuma ke shirin sayar da jirgin nan da shekara biyu, sunan da ke kan takardar ya fi komai tasiri a wurin mai saye.

Musanya tana da tarkonta. Za a riƙe maka kuɗin jingina mai kauri har sai tsohon injin ya isa hannunsu cikin kwanakin da suka ƙayyade, kuma idan suka tarar bulok ya tsage ko karanshaf ya lalace ana iya zaftare wani abu. Wanda ke Amurka zai ɗora a mota ya kai cikin mako. Kai kuwa daga Birnin Kebbi sai ya bi Jega, Koko, Yawuri, Kwantagora, Mokwa har Legas, sannan takardun fitarwa. Ka nemi a ƙara maka kwanakin a rubuce tun kafin ka biya.

Cikin lissafin har da abubuwan da ba sa cikin farashin inji amma ba makawa: jigila zuwa da dawowa, inshorar akwati, kuɗin kwastan da na ejan, takardar Form M ta banki, ladan saukewa da ɗorawa, sababbin robobin mazaunin inji, tiyoyin mai, wankin kular mai ko sabuwa, gyaran salansa, da faifan da ke karkata iska kan silinda. Farfela ma tana da nata wa'adin, da yawa shekara 6 ne, gara a haɗa. Kada ka ɗauka sassaucin haraji da ka ji ana yi wa kamfanonin jiragen haya ya shafe ka, ejan ya tabbatar maka kafin kaya su taso. Tunda dala ake biya kai kuma naira kake samu, ka tambaya ko farashin zai tsaya daga ranar kafin alƙalami, domin a 'yan shekarun nan jiran injin kamfani yana ɗaukar watanni masu yawa.

Na biyar, titsiye mai gyara

Ka aika tambayoyi iri ɗaya ga wurare uku ka kwatanta amsoshin, ba jimillar kuɗin da ke ƙasan takarda ba. Ma'aunin sabo ko na ci gaba da aiki? Silinda sababbi ko gyararru? A nawa ra'ayin sababbi, domin kan silinda alminiyam ne da ke gajiya da zafi da sanyi, kuma gyararre ba wanda ya san awoyin da ya yi. Kamshaf da tafet sababbi ko gogaggu? Mu da danshin Agusta da dogon ajiya, sababbi. Za a sauya duk kayan da Lycoming ta wajabta a sanarwarta mai lamba 240, ko makamanciyarta ta Continental? Za a gwada karanshaf da maganaɗisu, bulok da ruwan gano tsaga, a ba ka sakamakon? Idan ɗayansu ya faɗi, nawa ne ƙarin? Maganeto, kafireta, sitata da altaneta suna ciki, sababbi ko gyararru? Za a tayar da injin a ɗakin gwaji a ba ka takardar alƙaluman? Za a lissafa umarnin dole na lafiyar jirgi da aka cika ɗaya bayan ɗaya?

Garanti kuma a karanta shi da idon wanda ke nesa. Yaushe yake farawa, ranar da inji ya bar wurinsu ko ranar da aka fara tayar da shi? Idan ranar barin wurinsu ce, wata biyu ko uku na iya ƙarewa a hanya da tashar kaya. Yana biyan ladan aiki ko kaya kaɗai? Wa zai biya jigila idan silinda ta ba da matsala a Ambursa? Garanti mai tsawo da ke cewa ka kawo injin da kanka, a wurinmu kusan ado ne.

Kafin duk wannan, takardar shaida. Injin da aka gyara a waje ya zo da takardar FAA 8130-3 ta Amurka ko EASA Form 1 ta Turai, kuma injiniyanka ya tabbatar tun farko cewa NCAA za ta karɓi aikin wannan wurin. A cikin gida, lasisin kula da jirgi daban, izinin warware inji a yi masa garambawul daban. Ka ce a nuna maka takardar ka ga samfurin injinka a jerin abin da aka yarda su yi. Hannun da ya san waɗannan injina akwai shi a Arewa, jiragen horo na Air Beetle da aka harhaɗa a Kaduna wa sojojin sama Lycoming O-360 ne a cikinsu. Amma sanin aiki ba ya maye gurbin izini, kuma inji mai kyau marar takarda ba zai tashi ba.

Na shida, tsara lokaci da wuri

Wata dabara da ke rage wahala: tun injin yana da sauran awoyi da kwanaki, ka tuƙa jirgin zuwa inda za a yi saukewa da ɗorawa, Kaduna ko Abuja ko duk inda injiniyoyinka suke da rumfa da kayan ɗagawa. Idan ka bari wa'adi ya cika yana Ambursa, ko ka nemi izinin tashi na musamman, ko ka ɗauko ma'aikata da kayansu ka ciyar da su. Tsohon injin a tsiyaye masa mai, a toshe duk ƙofofinsa, a ɗaure shi a akwatin da sabon ya zo a ciki, a ɗauki hotonsa ta kowane ɓangare da lambarsa kafin a rufe. Idan sabon zai jira kafin a ɗora, kada a buɗe ledarsa don a nuna wa baƙi. Man kariya da buhunan shan danshi da ke ciki suna da iyakar kwanakinsu, an rubuta a jiki.

Na bakwai, awa 50 na farko

Duk zaɓin da ka yi, a nan ake gyara shi ko a ɓata shi. Ringi suna buƙatar matsi mai ƙarfi don su zauna da bangon silinda. Lallaɓa inji a wannan lokacin cuta ce: bangon zai yi santsi kamar gilashi, inji ya riƙa shan mai har sai an sake sauke silinda. Ana zuba baƙin mai zalla marar haɗi, sai dai injin Lycoming mai turbo da ke da nasa umarnin. A taƙaita tayarwa a ƙasa, a tashi, a riƙe ƙarfin inji tsakanin kashi 65 zuwa 75 cikin 100, kada a haura sama sosai inda iska ta yi sirantar da ƙarfin ba zai samu ba. Ba a koyar da ɗalibi da shi, ba a yin sauka-tashi a jere, ba a dogon gangarowa da totur a rufe.

Zafin kan silinda shi ne abin sa wa ido. Iyakar da Lycoming ta gindaya digiri 260 ne a ma'aunin Salshiyas, amma mai son injinsa yana ƙoƙarin tsayawa kusa da 200 ko ƙasa. Sabon inji ya fi zafi a awoyin farko, ga kuma Birnin Kebbi da ke haura 40 a watan Afrilu. Idan da hali a daidaita aikin ya faɗo bayan ɗaukewar ruwa, kafin hazo ya rufe gari. Idan bazara ta riske ka, tashin asuba kaɗai, a hau a kwance da gudu don iska ta wadaci silinda. In jirgin ba shi da na'urar da ke nuna zafin kowace silinda daban, yanzu ne lokacin sa ta, tunda hancin jirgin a buɗe yake.

A rubuta man da aka ƙara bayan kowane tashi. Ranar da shan man ya daidaita, zafin ya sauko, ringi sun zauna, sai a koma man yau da kullum. A yanka filtar farko da ta biyu a duba; ɗan ƙyalli kaɗan a farko ba abin tsoro ba ne, ƙaruwarsa ce abin tsoro. Daga nan juyen mai duk awa 50 ko wata 4, wanda ya riga zuwa, a matso da shi kusa lokacin hunturu, filtar iska kuma a duba ta kafin kowane tashi idan ƙura ta sauko. Jirgin ya tashi aƙalla awa ɗaya duk mako har mai ya yi zafin da zai kore danshi. Tayar da shi a ƙasa na minti goma ba ya yin wannan aikin, ƙara masa ruwa yake yi a ciki. Idan tafiya za ta ɗauke ka fiye da wata guda, ka sa injiniya ya zuba masa man ajiya ya sa filogin shan danshi kafin ka bar gari.